Tawada a Yatsan Tanko

Ni Mamuda, shekara tara ina yi wa Tanko kiɗa. Idan aka gama yankan rake a Kudan aka share filin kokawa, mu ke da gari. Ni na tsara masa takensa, kuma da ya ji shi a kalanguna sai jikinsa ya ɗauki tsuma. Bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba. Kai, an yi zamani!

Shekarar da soja suka karɓi mulki, sabulu da madara sai an bi layi, amma gardamar kokawa ba ta yi tsada ba. Kullum a rumfar Iliyasu mai gyaran keke ake yin ta. Wannan ya ce Ikara na zawarcin Tanko da taki buhu-buhu, wancan ya ce Alhaji Tukur, uban 'yan kokawar Makarfi, ya yi masa alkawarin babur. Ni dariya nake yi musu, don na san mutumina.

Rannan sai ga Barnaba, malamin makaranta, ya jingine kekensa yana haki.

"Jama'a, an gama! Na ga Tanko ya sauko daga motar Makarfi, babban yatsansa shuɗi fes da tawada. Ya dangwala kwantiragi!"

Rumfa ta kaure da hayaniya. Wanda bai iya karatu ba, me zai kai tawada yatsansa in ba takardar Alhaji Tukur ba? Kafin la'asar har an san launin babur ɗin.

Na tare shi a bakin rijiya.

"Tanko, tawadar mece ce wannan?"

Sai ya kai hannun baya, ya sunkuyar da kai. "Ba komai, Baba Mamuda."

Ba komai! Raina ya ɓaci ƙwarai. Dama a lokacin hankalina ba a kwance yake ba, don matata Sabuwa ta haihu, nono ya ƙi zuwa, jaririya sai kuka. Na rantse a gaban 'yan rumfa cewa taken da na haifa ba zai bi shi Makarfi ba.

Ranar wasa ta zo, 'yan Makarfi suka kawo wani ƙato. Tanko ya shigo fili, ya durƙusa ya dafa ƙasa yadda ya saba, yana jiran kiɗa. Na maƙale kalangu a hammata, na harɗe hannu. Ya ɗago ya dube ni. Ya sake dubana. Wallahi har yau ina ganin idon nan. Daga nan ya miƙe haka nan, ba kiɗa ba kirari, suka kama. Ko minti biyu ba a yi ba ƙaton ya ɗaga shi ya shimfiɗe.

Na koma gida ina cewa maganinsa ke nan. Na tarar gidan shiru, Sabuwa na ba jaririya madara da cokali, ga gwangwani biyu a gefenta.

"Ina kika samo wannan?"

"Paulina, matar Barnaba, ta kawo tun shekaranjiya, na ɓoye don kada ka ce a mayar. Tanko ne ya ba ta, ya ce kar a gaya maka. Wuni ya yi a layi a Makarfi, cikin mata. Wai har tawada ake shafa wa mutum a yatsa don kada ya sake shiga layin."

Sai na zauna a ƙasa.

Na je na ba Tanko haƙuri, ya ce ya wuce, Baba. Amma garin da aka yi masa ihu bayan kaye bai sake zaunuwa gare shi ba. Da kaka ta zagayo, ya koma Makarfi da gaske, kuma ba a ba shi ko keke ba.

Sau ɗaya na je kallonsa can. Makaɗinsu ya yi masa sabon take, mai daɗi ma, ba zan yi ƙarya ba. Tanko ya durƙusa ya dafa ƙasa, ya daɗe bai tashi ba, yana waige cikin taro. Ni kuwa ina can baya, na bar kalanguna a gida.