Kafso a Cikin Safa

Ranar da na ji Auta tana amai a banɗaki karo na uku cikin sati ɗaya, sai na ajiye cokalin shayi na nemi kujera na zauna. Ni ba yarinya ba ce. Na haifi huɗu, na san irin aman da mace take yi da sassafe tun ba ta sa komai a bakinta ba.

Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce mace. Shekararta goma sha tara, tana ajin farko a kwaleji. Yayyenta maza duk sun kama gabansu, babansu kuwa direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Mu biyu ne a gidan, ko tari ta yi sai na ji.

Ta fito tana goge baki, idanunta sun yi ja.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Mama. Cikina ne ya ɗan juya."

"Jiya ma ya juya."

"Zai daina."

Ta zauna ta haɗa shayinta baƙi ƙirin, ta ture gwangwanin madara gefe. Yarinyar da tun tana ƙarama nake ɓoye mata madara saboda lasa! Na kalle ta, ta kalli burodinta. Da za ta fita ta ɗauki lema, alhali ko alamar hadari babu. Wai rana tana ƙona ta. Yaushe ranar ta fara ƙona ta, ita da take yini a waje ba ta ko kula?

Ina da shagon kayan kwalliya a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai kemis. Hoda da jan baki kowa na sayarwa. Abin da ke kawo mini mutane shi ne haɗina, man fuska da nake yi da hannuna a ɗakin baya. Mayuka kala uku nake matsewa a roba, in juya da cokalin katako har su zama ɗaya, in ɗura a ƙananan kwalabe masu farin murfi. Tun Auta tana shekara goma sha biyar kuraje suka kama mata fuska, manya masu baki, a kumatu da haɓa da goshi. Ina ba ta haɗin, su kwanta sati biyu, su dawo da 'yan uwansu. Na ƙara masa ƙarfi, na sake ƙarawa. Ana nan, wajen wata biyu da suka wuce, fuskar ta fara lafawa, kurajen suka bushe, ta yi sumul sai 'yan tabo. Duk wadda ta shigo shago tana jayayya da kuɗin kwalba, sai in buɗe waya in nuna mata hoton Auta na da da na yanzu. In kuwa ta biyo ta shagon daga makaranta, in kamo haɓarta in juya wa mai saye ta gani da idonta.

Amma a wannan safiyar, ina zaune ina kallon kofin da ta bari, sai kyawun fuskar ma ya koma mini abin tsoro. Mace ai akwai lokacin da fatarta take yin sheƙi haka kawai.

Ban buɗe shago da wuri ba. Na shiga ɗakinta. Ba na jin kunyar faɗa, ɗakin a gidana yake. Na duba ƙarƙashin filo, na zazzage jakar littattafai, na bi aljihun kowace riga. A cikin wani tsohon takalmin motsa jiki na taɓo safa a dunƙule, da nauyin da safa ba ta da shi. Katin magani ne guda uku a ciki, kafso, ɗaya an kusa shanye shi. Tare da su akwai takardar asibiti an ninke ta huɗu. Rubutun likita ba ya karantuwa, amma layi ɗaya na inji ne, na kuma san shi sarai: gwajin ciki. A gabansa an sa babu. Kwanan watan ya haura wata biyu.

Wata uwar da ta ga babu sai ta yi hamdala. Ni kam ban yi ba. Me zai kai yarinya gwajin ciki in ba ta da dalilin tsoro? Kuma babu ta wata biyu da suka wuce, me ta ce game da yau?

Na cire kati ɗaya na sa a jaka, na mai da sauran yadda na same su.

Mai kemis maƙwabcina ne shekara takwas, mutum mai tabarau da son dogon bayani. Na jira har mai sayen maganin tari ya fita, sannan na ajiye katin a kan kanta.

Na ce, "Wata kwastoma ce ta manta shi a shagona. Na mene ne?"

Ya ɗaga shi ya duba baya. "Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, Hajiya. Ana ba da shi ga abubuwa da yawa. Ciwon ƙirji, kurajen fuska, ciwon sanyi..."

"Ciwon sanyi wane iri?"

Ya gyara tabarau. "Har da irin wanda ake ɗauka wajen kwanciya."

"In mai ciki ta sha fa?"

"A'a, ba a ba mai ciki. Yana iya taɓa abin da ke cikin." Ya dube ni ta saman gilashi. "Kwastomar taki tana da kuraje? Don likitocin fata suna yawan rubuta shi, wata uku ake yi ana sha kullum."

Na ce, "Ba ta da su."

Gaskiya na faɗa a ganina. Kurajen ai ni na warkar da su, ina da hotuna. Na fito da abu biyu a kaina, ciwon kwanciya da maganin da ke taɓa ciki, na kasa sanin wanne ya fi muni.

Na yini a shago ina ba mutane canjin da ba daidai ba. Kowane namiji da ya taɓa gaishe da Auta sai da na tuno shi. Mai gyaran waya da ya gyara mata allo bai karɓi komai ba. Malamin da ya taɓa sauke ta a mota ranar ruwan sama. Har ɗan maƙwabta mai gaisuwa da rusunawa, na ce dama irin masu rusunawar nan su ne. Wajen azahar na kira ƙanwata. Na san bakinta, tun muna yara ba ta iya riƙe magana, amma ina bukatar wanda zai ce mini wayyo.

Na ce, "Tsakanina da ke, kada ki gaya wa kowa."

Ta ce, "Haba Yaya, ni?" Ta saurara har ƙarshe, tana salati. "Amai da safe? Ta ƙi madara? Yaya, ai ba sai an kai ki asibiti ba. Ki gwada ta yau ɗin nan."

Na rufe shago da la'asar, na hau mota zuwa wani kemis mai nisa inda ba a san ni ba, na sayi tsinken gwajin ciki.

Na tarar ta dawo, tana yanka albasa a kicin. Na ajiye katin kafson a gefen faranti, na ɗora tsinken a kansa. Ta dubi ɗaya, ta dubi ɗayan. Wuƙar ta tsaya.

"Mama, kin shiga ɗakina."

"Na shiga. Wane ne?"

"Wane ne wa?"

"Kada ki raina mini hankali! Na ga takardar. Na ji aman. Wane ne, kuma tun yaushe?"

Na zaci za ta yi kuka ko ta hau rantsuwa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta wanke hannu, ta goge a zani, ta ɗauki tsinken ta shiga banɗaki, ta bar ƙofar a buɗe. Na juya baya. Da ta fito ta ajiye shi a kan teburi, muka tsaya mu biyu muna kallonsa kamar masu jiran ruwa ya tafasa. Layi ɗaya ya fito. Muka jira. Bai ƙara ba, babu ciki ke nan.

Ta ce, "Zo ki ga abin da ba ki gani ba."

Na bi ta ɗaki. Ta hau kan kujera ta sauko da kwali daga saman kabad, inda ban duba ba. Kwalabena ne a ciki, masu farin murfi, guda tara, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ta ce, "Likitar fata na gani a asibitin makaranta. Ta ce in kawo abin da nake shafawa. Da ta ji abin da ke ciki, ta ce shi yake kwantar da kurajen ya kuma tayar da su, in daina a ranar. Ta rubuta mini kafson, wata uku. Kowace mace sai an yi mata gwajin ciki kafin a ba ta, har matar aure da ke gabana a layi an yi mata. Ta ce kada in haɗa shi da madara, in kiyayi rana."

"Aman fa?"

"Ta ce in yana tayar mini da zuciya in sha bayan na ci abinci. Amma abincin tare muke ci, Mama. Shi ya sa nake sha a ɗaki tun kafin ki fito, ciki babu komai."

Kunya ta rufe ni, irin wadda take sa mutum faɗa. Na ce, "To me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini? Ni dodo ce?"

"Sau biyu na ce miki man yana ƙona ni, kika ce alamar yana aiki ne. Da fuskar ta gyaru kuma kika fara nuna ni ga mutane. Na ga kina murna. Ta ina zan fara?" Ta rufe kwalin. "Saura sati uku in gama. Na ce in na gama sai in san yadda zan faɗa miki ba tare da na karya miki shago ba."

Na zauna a bakin gadonta. Ina ta lissafin mazan unguwa, ita kuwa tana amai da safe don kada raina ya ɓaci. Na miƙa hannu zan kamo nata, na buɗe baki zan ce ta yafe mini, kuma da gaske zan faɗa.

Sai wayarta ta yi ƙara a kan filo.

Ta duba. Babanta ne, mutumin da ba ya kira sai ya tsaya hutu ranar da ya ga dama, kuma ni yake fara nema. Ta dubi wayar, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane.

"Mama, wa kika gaya wa?"

"Antinki kawai, kuma na ce mata..."

Ta amsa, ta buɗe murya yadda zan ji. Ana jin ƙarar motoci a bayansa. Bai yi sallama ba, bai tambayi lafiya ba. Ya ce babban yayanta ya kira shi yanzun nan, shi ma matarsa ce ta gaya masa. Ya ce yana son sunan yaron, yanzu, kafin ya juyo da mota.

Auta ta juyo gare ni. Ta kamo hannuna da na miƙa, ta buɗe tafin, ta ɗora wayar a kai. Ta ɗauki lemarta da katin maganinta ta fita. Na ji ƙarar ƙofar gida.

Shi kuwa yana ta kiran sunanta, yana cewa ta amsa masa, ba da ita yake magana ba?