Karsanar da Jimrau Ya Mayar

Tun lokacin da fari ya cinye garken Jimrau, ya daina zuwa kasuwar Dakoro. Kullum yana kwance, abinci sai an matsa masa. Abokinsa Samba ya ba shi karsana habbanaye, aron da ba a mayarwa sai ta haihu an bar wa mai riƙo ɗan maraƙin.

Rannan sai aka ga Jimrau ya yi aski, ya sa wankakkiyar riga, ya kora karsanar da cikinta har gidan Samba, ya ce ya gode. Daga nan ya bi gida-gida yana neman gafara, alhali ba azumi ke tafe ba, ba kuma tafiya zai yi ba. Mutane suka ce Allah ya yaye masa. Haka mutanenmu suke. Da mai ciwo ya yi murmushi sai su sauke nauyinsa, don dama ya ishe su.

Yayarsa Aisata ba ta yarda ba. Makiyayin da ke sa ran ganin baɗi ba ya mayar da habbanaye da ciki. Ta tsare matarsa Raudatu da tambaya. Raudatu ta ce ba ya barci, kuma ya taɓa cewa da babu shi da kowa ya huta, ita kuwa ta ɗauka gajiya ce. Mijin Aisata ya ce ta bar zargi, tambayar Jimrau ko yana son kashe kansa ma cusa masa abin ne a rai. Wannan maganar matsorata ce.

Aisata ta iske ƙanen nata zaune a gindin aduwa.

"Jimrau, dube ni. Kana tunanin kashe kanka ne?"

"Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Irin wadda ake amsawa."

Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke, sannan ya ce tun damina tunanin ke zo masa, kuma ya riga ya shirya.

Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta sa ya nuna mata abin da ya tanada, ta ɗauke. Ta kira Samba ya zo da babur, suka kai shi gidan likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya yi masa tambayoyi, ya ba shi magani, ya sa masa ranar dawowa, ya ce kada a bar shi shi kaɗai.

Aisata ta naɗe tabarmarta ta tare a gidansa. Da aka kwana biyu Jimrau ya ce ya ji sauƙi, tana iya komawa ɗakinta. Ta ce ta ji, ta ci gaba da zama.