Katunan Dogo

Wata huɗu da rasuwar Dogo, hotonsa yana nan a kan allon aiki, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, maƙale a kusurwar kati goma sha ɗaya.

Allon a kwamfuta yake, an raba shi gida uku: abin da za a yi, abin da ake kai, da abin da aka gama. Kowane aiki kati ne, kowane kati da hoton mai shi. Su shida ne ke rubuta manhajar da ƙananan asibitoci ke rajistar marasa lafiya da ita, kuma Injiniya, shugabarsu, ita ke raba katunan duk bayan mako biyu. Na kowa suna tafiya daga hagu zuwa dama. Na Dogo suna tsaye cak a tsakiya, inda ya bar su ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin ɗakin shayi. Sau uku Manaja yana tuna mata ta rufe asusun mamacin, sau uku tana cewa gobe.

Ranar Litinin ya sake leƙowa, da wata maganar. An saya musu mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, irin wanda ke rubuta manhaja da kansa, kuma yana so ta haɗa shi da allon, ya riƙa ɗaukar kati yana yi ba sai an sa shi ba. Kafin azahar abokan aiki sun laƙaba masa Baƙo, wai tunda ya zo bai gaida kowa ba, bai kuma tambayi inda ake ajiye sukari ba.

Haɗin bai ba ta wuya ba. Ta ƙirƙiri mabuɗin sirri a allon ta liƙa masa, ta ba shi izinin karanta kati, da yin sharhi, da matsar da shi gida na gaba. Da aka tambaye ta katunan wa zai iya taɓawa, ta danna na kowa, hankalinta na kan wani taro.

Washegari bayan taron tsaye na safe ta zauna, ta ga Baƙo ya yi wa katunan Dogo layi. Ya karanta su duka, ya gano cewa goma suna rataye ne a kan guda ɗaya, wanda ya shafi sauya lambobin marasa lafiya zuwa sabon tsari. A ƙarƙashin wannan katin akwai sharhin Dogo na ƙarshe, wanda ita ba ta taɓa iya buɗewa ba: “Kada a goge tsofaffin lambobin, domin”

Nan ya tsaya. Ko aya babu.

Baƙo ya rubuta a ƙasa, cikin ladabi, ya ambaci sunan Dogo: yana neman ƙarashen bayanin kafin ya ci gaba. Ya kuma ƙara, don taƙaita tarihi, cewa shugabar aiki ce ta ɗora wa mai katin duka goma sha ɗayan a safiya guda, kuma tun la'asar ɗin ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowane kati da ya buɗe sai ya sake tambaya.

Injiniya ta karanta sharhin har ƙarshe. Ta tuna safiyar sarai. Mutum biyu ba su zo ba, wa'adi ya matso, ta ja katunan ɗaya bayan ɗaya ta jibga masa, tana ganinsa ta gilashi yana matsa goshi da yatsu. Ya ɗago ya yi mata murmushi, ya ce to, jakin ofis ya ji.

Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Matar Dogo ce, wadda kowa ke kira Maman Biyu. Bayan gaisuwa ta ce, “Injiniya, wani a wurinku yana ta neman Babansu tun safe. Ba ku gaya masa ba ne?”

Ba ta iya yin bayani ta waya ba. Ta ɗauki jaka ta fita.

Gidan na hawa na biyu, matattakalar na warin omo. Maman Biyu ta ture yadin da ke kan keken ɗinki ta ba ta kujera. 'Yan biyun suna makaranta. A kan talabijin wayar Dogo ce, jone da caja, gilashinta da tsaguwar da ya sha alkawarin gyarawa.

Matar ta ce ba ta taɓa barin wayar ta mutu ba, ita ma ba ta san dalili ba. Wata huɗu wayar ba ta ce uffan ba sai tallan kamfanin waya. Yau tana yanka hannun riga sai ta ji wannan ƙarar, ta saƙon aiki, wadda in Dogo ya ji yakan ajiye cokali. Almakashin ya suɓuce mata. Sai da ta leƙa ɗaki.

Injiniya ta bayyana mata cewa ba mutum ba ne, na'ura ce, kuma laifinta ne da ba ta rufe asusun ba. Maman Biyu ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta tambayi abin da na'urar ke so. Da aka karanta mata guntun sharhin, ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ido ba.

“Ai wannan maganar Inna ce, mahaifiyarsa. Katin asibitinta ya girmi aurenmu, ya yi laushi kamar tsumma, a leda take ƙulle shi. An taɓa ba ta sabo ta jefar. Ya ce tsofaffi duk haka suke, da tsohon kati za su zo. In aka goge lambar, likita ba zai ga maganin da jikinsu ba ya ɗauka ba. Tun da ya ji za a sauya lambobin, kwana biyu yana mitar abin a nan, a kan wannan kujerar.”

Injiniya ta dubi hannun kujerar da take kai. Ta rubuta maganar a takarda. Ta so ta tashi, amma bakinta ya riga ta. Ta ce ita ce ta ɗora masa aikin ranar, ta ga ba ya jin daɗi, ta ɗora duk da haka.

“Na sani,” in ji Maman Biyu. “Ya kira ni da rana. Ya ce sha ɗaya.”

Ta jawo yadin ta shimfiɗa, ta daidaita bakinsa da farce. Injiniya ta jira, ko zagi ko yafiya, babu wanda ya zo. Sai da ta kai ƙofa matar ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko saƙonnin za su ci gaba da zuwa. Injiniya ta ce a'a, yau za ta rufe asusun.

“To,” in ji ta. “Yadda kika gani.”

Ƙarfe uku ta koma ofis. Ta ƙarasa jimlar Dogo a ƙarƙashin tasa, da sunanta, ta umarci Baƙo ya ajiye tsofaffin lambobin kusa da sababbi, ta yadda ko da wanne aka nemi mutum za a same shi. Sannan ta naɗe hannu tana kallo.

Katin farko ya motsa. Na biyu ya bi shi. Hoton Dogo yana ta tsallakawa daga tsakiya zuwa dama, ɗaya bayan ɗaya, ba hannun kowa a kai. Abokan aiki suka taru a bayanta. Wani ya fara cewa kai, wannan Baƙo, sai ya haɗiye sauran. Minti arba'in ba su cika ba gidan tsakiya ya zama fayau. Ta bi aikin layi-layi tana neman kuskure, har tana fatan ta samu. Ba ta samu ba.

Manaja ya dafa ƙofa ya ce madalla, saura asusun. Ta buɗe shafin, ta kai kibiya kan maɓallin rufewa. A gefe ta ga Baƙo ya bar sharhi a katin ƙarshe, kamar yadda yake yi wa duk mai kati: ya ambaci Dogo, ya ce an gama, ya gode da gargaɗin.

Sai ɗigo uku, alamar ana rubutu, suka fara rawa a ƙasa, kusa da ɗan hoton Dogo. Suka tsaya. Suka sake farawa, a hankali, irin na mai neman haruffa da yatsa ɗaya. Babu mai motsi a ofishin, sai fanka.

Dogo ya rubuta: “Sannu da aiki.”

Injiniya ta tuna wayar da ke kan talabijin, jone da caja. Ta ɗauke hannunta daga kan teburin ta ɗora a cinya.