Muryar Ba'ana

Ƙarfe huɗu na yamma, kamar kullum, muryar Ba'ana ta tashi daga rediyon mai shayi ta cika layin: "Mu mutanen Gwange mun gode wa Honarabul. An yi mana kwalbati, ruwa ya daina shiga gidajenmu."

Gumsu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juya ƙosanta. Wata bakwai ke nan da binne mijinta Ba'ana, amma gidan rediyon bai bar shi ya huta ba, da muryarsa ake buɗe shirin siyasa.

Ba'ana tela ne, sai dai bakinsa ya fi kekensa gudu. Tun zamanin da ake aika wasiƙa a yi mako biyu ana jiran a karanta yake manne da rediyo. Da aka fara kiran waya kai tsaye, sai kakarsa ta yanke saƙa, 'yan siyasa suka gano shi, ya zama sojan baka. Kwalbatin kuwa, yashi tifa ɗaya aka zube aka ɗauki hoto. Da ambaliya ta zo ta shanye layin har rufi, ta bar wa Ba'ana tarin da ya yi ajalinsa.

"Allah ya isa," in ji Saude, maƙwabciyar da ɗakinta ya rushe, tana kallon rediyon. "Ya Gumsu, ki yi haƙuri, amma mutumin nan ko a kabari bai daina ba."

Abin da ke cin ran Gumsu ke nan. Kowace la'asar sai an ja wa mamaci Allah ya isa, ita kuma tana tsoron abin yana iske shi.

* * *

A gidan rediyon, wani ma'aikaci mai suna Pindar ya saurare ta har ta gama.

"Ashe ya rasu? Mama, ba mu sani ba. In cire daga shirin, ko in goge gaba ɗaya?"

"Goge, ɗana. Kar ya saura."

Ya danna wani abu sau biyu. "Shi ke nan."

Sai da ta hau keke-napep za ta koma gida ta tuna. Wayarsa, hotunansa, duk ruwa ya tafi da su. Wannan ƙaryar ce kaɗai ta rage mata a duniya mai ɗauke da muryarsa.

* * *

Washegari da ƙarfe huɗu, ta tsinci kanta tana rage wuta, ta kasa kunne. Wata sabuwar murya ce, ta mai jini a jika: "Mu mutanen Gwange mun gode wa Honarabul…"

Babu wanda ya ja Allah ya isa a layin. Saude ma har ta zo sayen ƙosai, tana yi mata sannu da aiki.

Gumsu ta yi ta ƙoƙarin tuno yadda Ba'ana yake jan sunan unguwar a bakinsa, amma muryar baƙon ta riga ta zauna a wurin. Tana nan riƙe da matsami har ƙosan ya yi baƙi a cikin mai.