Abin da Dankure Ya Gani

"Kama ta! Kama ta, ɗan Dankure!"

Arzika ya daka tsalle ya cafe ƙwallon da hannu biyu, ya faɗo rungume da ita kamar ya danne giwan ruwa a cikin homar kamun kifi. Tsohon da ke bayan raga, ubansa Dankure, ya buga sandarsa a ƙasa, ya juya da sauri ya dubi gindin dogonyaro, inda aka jera tebur da kujeru uku domin masu zaɓe. Ba kowa a kan kujerun. Takardu ne kawai, an danne su da dutse, iska tana kaɗa gefensu.

Kamu na huɗu ke nan, kuma cikin manya ba wanda ya gani sai shi.

Asabar ce, farkon daminar 1990. An tara samari daga Argungu da Augie da Zauro da cikin gari a filin wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, za a tace waɗanda za su je Sakkwato su wakilci yankin. Gola ɗaya za a ɗauka, su kuwa biyu ne. Arzika shekararsa ashirin da uku, baɗi ya wuce shekarun da ake karɓa. Shi da kansa ya yi alkawari a gida: in ba a rubuta sunansa yau ba, zai rataye takalman ya koma kogi.

Dankure kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Wanda bai ji haka daga bakin mutane ba zai ji daga bakinsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara bakwai a jere jirginsa ne na fari a tseren bikin kamun kifi. Kwalara ta ɗauki mutum biyar a gidansu ta tsallake shi. Babban fari ya zo ya tafi ya bar shi tsaye. Kada ma ya kama shi a cinya ya ɗanɗana, ya ga ba nama ba ne, ya saki. Tun mako biyu ya gama shelanta wa kasuwar kifi cewa ɗansa zai je Sakkwato, daga can Legas, daga can cikin talabijin.

Shi ya sa da safe a cikin bas Arzika ya sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, abu biyu nike roƙo. Ka tsaya bayan ragata, kada ka tahi ko'ina. Kuma don Allah, yau kaɗai, a bar zancen kada."

"Kai, ni za ka koya ma zama cikin mutane?"

Amma ya amsa.

Yanzu ga shi tsaye inda aka ce ya tsaya, gumi yana bin wuyan rigarsa ta Juma'a. Da alƙalin wasa, wani malamin makaranta mai suna Hodi, ya zo kusa don bugun kwana, Dankure ya ɗaga masa sanda.

"Malam! Masu zaɓen, ina sunka tahi?"

"Suna ɗakin malamai, Baba. Kamaru da Kolambiya. Kofin duniya."

"To wa ka duba waɗanga?"

Hodi ya ɗaga kafaɗa ya busa usur.

Aka ci gaba. Wani dogon yaro ɗan Zauro ya ɗirko wata ƙwallo da ta isa ta karya ƙofa, Arzika ya tunkuɗe ta da yatsu ta bi ta saman ƙarfe. Dankure ya yi kururuwa har wani jaki da ke kiwo bayan fili ya ɗaga kai. Ya sake duban dogonyaro. Akuya ce yanzu a ƙarƙashin teburin.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Arzika ya zo yana haki, ya karɓi butar ruwa.

"Sun hito?"

"Suna zuwa."

"Baba, sun ga ko guda?"

"Na ce suna zuwa. Sha ruwanka."

Aka juya, Arzika ya koma ɗaya ragar, Dankure ya zagaya filin da ƙafarsa mai ɗingishi ya sake tsayawa a bayansa. Minti goma, minti goma sha biyar. Daga ginin makarantar sai ka ji an yi "wooo!" a tare, sannan shiru. Zuciyarsa ta yi ta tafasa. Yaro ya bar kamun kifi na wata uku, yana gudu kan rairayin bakin kogi tun kafin hantsi, yana sa abokansa su yi ta dukansa da ƙwallo har tafin hannunsa ya tsage, a ce ranar gani ta zo akuya ce alƙali?

"Zan jawo su," ya ce.

Arzika bai juyo ba, idonsa na kan fili. "Baba, ka yi alkawari."

"Ko numfashi uku ba ni yi."

Ɗakin malamai ya cika har bakin ƙofa. Talabijin ɗin yana bisa wani kabad, hoton yana rawa, 'yan mutane ƙanana suna gudu a ciki. A gaba, kan kujera mai hannu, Malam Abdussamadu ne, shugaban masu zaɓen, da farar hula da biro biyu a aljihu. Sauran biyun na gefensa. Babu ci har yanzu, don haka baki ya samu fili.

"Kuɗi ne kawai," wani ya ce. "Gwamnatinsu ta zuba kuɗi."

"Wane kuɗi? Mun fi su kuɗi sau goma, ga mu zaune gida muna kallo. Bature sunka ɗauko shina koya musu."

"Mu ba mu ɗauko ba? Asiri ne, malam. Mutanen nan akwai su da asiri."

Malam Abdussamadu ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ba kuɗi ba ne, ba Bature ba ne. Ido ne. Ƙasar da duk ta yi nisa a gasa, ku bincika, tana da masu bin ƙauye ƙauye suna duba yara. Mu nan, yaro zai yi wasa har shi tsufa ba wanda ya leƙa shi. Shi ne ciwonmu."

Dankure ya kutsa tsakanin mutane da sandarsa.

"Ranka shi daɗe, ga ƙauyen ya taso ya zo har ƙoharka. Yara ashirin da biyu na waje."

Aka yi dariya. Malam Abdussamadu ma ya murmusa, ba tare da ya ɗauke ido daga kabad ba.

"Minti biyar, Baba. An kusa tashi. Ku ba dattijo wuri."

Aka turo masa benci. Ya ce ba zama ya kawo shi ba. Ya zauna da gefe ɗaya.

Minti biyar suka wuce, aka tashi babu ci, sai aka ce wai akwai ƙarin lokaci. Dankure ya miƙe zai yi magana, wani matashin malami ya riga shi.

"Baba, ku da kunka ga jiya, mi ka sa wata ƙasa ta ci, wata ta kasa?"

To, a nan ne. Da tambayar ta zo da zagi, da ya tsallake ta. Amma ta zo da ladabi, a gaban mutum arba'in masu biro a aljihu.

"Ni ban san ƙasa ba," ya ce, "amma na san jirgi. Shekara bakwai ba a ga bayan kowa gabana ba. Kun san dalili? Ban taɓa ɗaukar matuƙi da jin labari ba. A zo a ce mini ɗan wane ƙarhi gare shi, in ce to, shi shigo ruwa. In zauna a ƙarshen jirgi in dubi bayanshi, in ga yadda filafilin tuƙi ka shiga ruwa, yadda shika hita. Ɗan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, na sauke shi a tsakiyar gari, uwarshi ta yi shekara ba ta gaishe ni. Abin da idona bai gani ba, bakina ba shi sa shi cikin jirgi."

"Kun ji ko?" in ji Malam Abdussamadu. "Abin da nike hwaɗi ke nan. Ido."

Daɗi ya ratsa Dankure har tafin ƙafa. Wani ya tambayi abin da ya sami ƙafar. Kafin ya ankara ya naɗe wando, tabon ya fito, fari fat, daga cinya har gwiwa. Kadan da ya bar Argungu da safe tsawonsa kamu shida ne. Da ya ga idanun malaman ya zama kamu tara. Da wani ya ce "Kai!" ya zama goma sha biyu, da ciyawa tsire a bayansa.

"Baba, kada ne ko tirela?"

Ana cikin wannan dariyar ɗakin ya fashe. Kamaru ta ci. Benci ya kife, hular wani ta tashi sama. Wanda ya ci ɗin, aka ce, shi ne mafi tsufa cikinsu, ya kusa arba'in, har ya taɓa ajiye wasa aka sake kiran sa.

"Tsoho!" Dankure ya yi ihu, sanda a sama. "Tsoho ne! Kun gani? Ƙasar da ta riƙe tsohinta ita ka ci!"

Bai gama taka rawarsa ba sai ga golan Kolambiya ya baro ragarsa ya taho har kusan tsakiyar fili yana wasa da ƙwallo a ƙafa. Tsohon nan ya fizge ta, ya sheƙa, ya zuba a ragar da ba kowa. Biyu.

Dankure har hawaye. "Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, ɗan banza? An ce ka tsaya wuri guda, ka tahi yawo!"

Sai ya ji usur daga waje. Dogo, sau uku.

Ya daina dariya. Ya kama hannun rigar Malam Abdussamadu.

"Ranka shi daɗe, an tashi."

"Yanzu, Baba. Kolambiya na iya ramawa."

Sai da aka busa tashi a talabijin sannan suka fito. Rana ta yi ƙasa, hadari na haɗuwa ta gabas. Samarin na zaune kan ciyawa, wasu sun cire takalma. Hodi ya riga ya hau kekensa don ya kai Ambursa kafin ruwa, ya bar 'yar takarda ƙarƙashin dutsen: babu ci.

Malam Abdussamadu ya kori akuyar, ya zauna, ya zare biro. 'Yan gaba da 'yan baya ba su ba shi wahala ba, yawanci ya san su. Da ya zo kan gola ya tsaya.

"Ba a ci kowa ba, ke nan duka biyun sun yi. Ɗanmusa na nan gari ne, na sha ganin wasanshi. Wanga na Argungu ban san shi ba."

Samarin Argungu suka taso a tare. Fenariti biyu ya kama! Ɗaya ma sai da aka sake bugawa ya sake kamawa! Ɗanmusa ko ƙwallo uku ba ta je wurinshi ba!

"Ku abokanshi ne, dole ku ce haka." Ya juya ga 'yan cikin gari. Kowa ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalmi. Sannan ya dubi Dankure, kuma ba da mugunta ba. "Baba, kai ne babba a nan. Kai ka ce ba a ɗaukar matuƙi da jin labari. Fenaritin nan, ka gani?"

Daga baya wani malami ya ce, ƙasa ƙasa, "Kamu nawa ne fenaritin?" Aka ƙyalƙyale.

Dankure ya buɗe baki. Labarin na nan a shirye bisa harshensa, da tsallen, da ƙurar, da ƙarar ƙwallo a tafin hannu. Ya iya. Ya gina abin da ya fi wannan da ƙasa da wannan. Sai ya dubi Arzika. Yaron na tsaye da gwiwa a ƙuje, jini ya bushe da ƙasa a kai, yana kallon uban kai tsaye, ba roƙo a idonsa.

"Na ga kamu biyar kahin in shiga," ya ce. "Masu kyau."

"Fenaritin fa?"

"Ban gani ba."

Biron ya sauka. Bai ɗauki lokaci ba, ya rubuta Ɗanmusa.

"Baɗi in Allah ya kai mu," in ji Malam Abdussamadu, yana tattara takardu.

Ba wanda ya gaya masa cewa Arzika ba shi da baɗi.

Suka bi hanyar tasha, Arzika a gaba da takalma rataye a wuya, uban a baya yana jan ƙafa. Sau biyu Dankure ya gyara murya. Yayyafi ya fara kafin su kai.

Bas ɗin Argungu saura mutum biyu. Direban, Maigandi, ɗan unguwarsu ne, ya leƙo ta taga fuskarsa duk haƙora.

"Baba Dankure! An ce Kamaru ta yi abin mamaki! Ni ina hanya ban samu ba. Kun gani?"

Arzika ya tura takalmansa ƙarƙashin kujera, ya zauna jikin taga.

"Shi ya gani," ya ce. "Tambaye shi."

Fasinjoji suka juyo, suka gyara zama. Duk wanda ya taɓa shiga mota da Dankure ya san ba a bukatar rediyo. Maigandi ya tada mota, ya rage gudu don kada ƙarar inji ta hana shi ji.

Dankure ya ɗora haɓarsa bisa kan sanda. Har suka ga fitilun Argungu, abin da aka ji a motar nan ruwa ne kawai yana dukan rufi.