Layin Adireshi a Ƙarƙashin Ƙyalle

Malam Is'haƙa, magatakardan haihuwa da mutuwa a wata meri, wato ofishin magajin gari, da ke bayan Dogon Dutsi, mutum ne da ba a gaya masa. Shekara talatin yana aiki, kuma ko ba ka tambaye shi ba sai ya sanar da kai cewa takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Da aka kawo kwamfuta, aka turo Sandrine, mai gyaran na'ura, ta koya masa. Ta buɗe masa shafi biyu a taga ɗaya, kowanne da ɗan kunnensa. Ɗaya na haihuwa, ɗaya na mutuwa, amma kunnuwan duka "2024" suka ce, don sunan dosiyen, wato kundin shekarar, ke nan. Layin adireshi kaɗai ke faɗin inda mutum yake.

"Baba, a ina zan sa maka layin? Gara ƙarƙashin kunnuwan, kusa da idonka."

"Ke yarinya, ina kika taɓa ganin hula a ƙarƙashin haɓa? Adireshi sama yake zama."

Ta kai masa shi can ƙololuwa, ta hau mota ta koma. To, ga inda gizo ke saƙa. Matarsa Sahura, kafin ta rasu a farkon shekarar, ta ɗinka wa na'urar ƙyalle mai surfani saboda kashin ƙadangaru da ke zubowa daga rufi. Da hannunta ta ɗora shi, bakinsa ya sauko ya rufe saman gilashin kamar yatsa biyu. Daidai wurin da Malam ya ɗaukaka adireshinsa! Shi kuwa ko kusa bai yarda a taɓa ƙyallen ba. Ya ce ai ba ya bukatar karatu: haihuwa hagu, mutuwa dama, haka ya saba.

Ran nan batir ya mutu ana tsakar aiki. Da wuta ta dawo, shafukan suka buɗe a juye, ba wanda ya ce masa uffan. A makon ne 'yarsa Ummukulsum ta haihu, aka mayar wa jaririyar sunan kakarta. Malam ya shigar da jikarsa a shafin hagu da hannunsa, har yana tsokanar ta da amaryarsa. Bayan mako guda batir ya sake mutuwa, shafukan suka koma yadda suke a da.

Bayan wata biyu Ummukulsum ta zo karɓar takardar. Za ta bi mijinta Kwatano, motar Kore Mairuwa da azahar za ta tashi, kuma ba a tsallake iyaka da jariri ba takarda. Malam ya gyara tabarau, ya danna hagu. Babu. Ya hau, ya sauka, babu.

"Baba, azahar fa ta kusa."

"Na'urar ce ta cinye! Ni takarda ba ta ɓata a hannuna."

Sa'ar da aka yi, Sandrine na garin tana gyara a lakkwal, wato makarantar boko. Aka kirawo ta. Ta duba hagu, ta duba dama, sannan ta sa yatsa biyu ta ɗaga bakin ƙyallen.

"Kar ki taɓa..." ya fara, amma ta riga ta ɗaga.

Layin ya fito ɓaro-ɓaro: Mutuwa, 2024. Jarirai tara na wancan makon suna jere a ciki, lafiyarsu ƙalau a gidajen iyayensu. Na'ura kuwa ba ta san kunya ba, da suna take jera abu. Sahura ƙarama tana kwance daidai ƙarƙashin Sahura babba.

Ummukulsum ta ƙanƙame 'yarta ta ce, "A'uzubillahi!" Malam ya ji kunya, amma baƙin cikin ya fi kunyar. Tun ranar da ya rubuta takardar matarsa bai sake kallon sunan ba.

Sandrine ta kwashe taran ta mayar da su cikin masu rai, ta buga takardar, ya sa hannu. Ummukulsum ta fita da sauri ta tari mota.

"Baba, in cire ƙyallen ne?" in ji Sandrine.

Ya daɗe yana kallon surfanin. Ya miƙa hannu ya daidaita bakinsa yadda mai shi ta bar shi.

"A'a, 'yata. Sauko da layin ƙasa."