Azarar Ɗakin Inna

Ruwan da aka yi a ƙarshen Agusta bai daɗe ba, amma ya jiƙa wa Souwaiba katifa. Ɗakin na marigayiya innarta ne, a tsohon garin Agadez, rufin ƙasa bisa azarar goruba. Tun tasowarta bai taɓa yoyo ba sai bana.

Ƙanenta Nasser, mai sayar da kayan mota a bakin tasha, shi ya kawo magini, wani Zaharaddin. Mutumin ya shiga ɗakin, ya ƙwanƙwasa azara biyu da makullin babur ɗinsa, ya fito. Ko bisa rufin bai hau ba.

"Hajiya, gara ta gama da shi. Sai an sauke duka a sa kwano." Ya dubi Nasser kafin ya ƙarasa. "Kaya da aiki, jika ɗari tara na sefa. Gobe in rubuto miki devis, takardar lissafin kuɗin."

Wannan duban ne ya tsaya mata a rai. Me zai sa mutum ya nemi farashi a fuskar wani?

"Yaya, ina za ki samo wannan daga cinikin albasa?" in ji Nasser. "Ki dawo wurina, akwai ɗaki. Gidan nan kuma a ga yadda za a yi da shi."

Ta ce za ta yi shawara. Bayan sun tafi ta tuna wani mai kuɗin zinariya da ya tsaya da mota a lungunsu watan jiya, yana ƙare wa katangarta kallo. A ranar ta ga Nasser ya riƙe hannunsa sun daɗe suna magana.

Washegari ba ta buɗe rumfarta ba. Ta bi ta baya zuwa gidan Nomau, tsohon maginin ƙasa, ba ta kuma gaya masa wani ya riga shi gani ba.

Nomau ya cire takalmi ya hau tsani. Tana jin takunsa a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa. Can ya jefo dunƙulen leda da kashin tantabara da suka toshe indararo. Ya sauko ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana caka wuƙa. Uku suka zubo da gari, sauran wuƙar ta ƙi shiga.

"Uku za a canza, a sake yaɓe. Jika tamanin ya isa."

Maimakon ta yi murna, sai ta ƙura masa ido. "Baba, araha haka? Ba so kake ka fara, in an buɗe ka ce wani abu ya ɓullo ba?"

Tsohon ya miƙa mata wuƙar. "Caka da kanki, 'yata."

Ta hau turmi ta caka har hannunta ya gaji. Itacen kamar ƙarfe.

Da la'asar ta aika a kira Nasser. Ta nuna masa garin azarar da ta tara a faifai.

"Mai zinariyar nan, nawa ya ce zai sayi gidan?"

Ya zauna a bakin ƙofa. "Ya yi maganar, Yaya, ban ɓoye ba. Amma wallahi ban ce wa Zaharaddin ya ƙara ko dala ba. Tsoro nake ji rufin ya faɗo miki."

"Ba ka ɓoye ba? Yaushe ka faɗa mini?"

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallonsa. Ita ta goya shi yana jariri, amma yau ta kasa gane ko kunya ce a fuskarsa ko takaicin an kama shi.

Kwana huɗu Nomau ya yi yana aikin, tana zaune a tsakar gida ba ta ɗauke ido ba. Nasser ya aiko da azara uku masu kyau, ya ce gudummawarsa ce. Ta karɓa, ta sa aka yi masa godiya, amma sai da ta caka kowacce da wuƙa kafin a ɗora.

Ranar da aka gama, ta ciro takardar gidan daga akwatin Inna, ta naɗe a gefen zane, ta kai wa maƙwabciyarta Aissa ajiya.

"Ko wa ya tambaya, ba ki san komai ba."

"Har Nasser?"

"Har shi," in ji Souwaiba, ta koma gida ta shimfiɗa katifarta a rana.